Kalmar Kurios ta Girkanci: Tarken Ma'anoninta da Nauyin da Ta Ɗora wa Kalmar Ubangiji

1.0 Gabatarwa

Ƙamus mai harshe biyu yana da ɗabi'ar jera kalma a gefen kalma kamar tagwaye, ya bar mai karatu da zaton cewa duk kayan da ɗaya ta ɗauko su ɗayar ma ta ɗauko. Kalmar kurios ta Girkanci tana cikin waɗanda wannan ɗabi'a ta fi cuta. An fassara ta da dominus a Latinanci, da rabb a Larabci, da lord a Ingilishi, da Ubangiji a Hausa, har aka wayi gari mutane da yawa suna ɗaukarta kalmar ibada tun fil azal. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun kalmar daga kotunan Atina zuwa littattafan addini na Yahudawa da Kirista, ta nuna cewa tushenta iko ne wanda doka ta amince da shi, alhali yawancin kalmomin da aka zaɓa don fassara ta daga cikin gida suka fito, wato kalmomin mallaka ne. Wannan saɓani yana da tasiri a kan yadda Bahaushe yake karanta nassoshin da kalmar ta shiga, kuma a nan ne maƙalar za ta fi yin tsokaci. An rubuta kalmar da wasalin /u/ bisa ga yadda aka saba rubuta tsohon Girkanci; Girkawan yau kirios suke cewa.

2.0 Sifa Kafin Suna

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, kurios sifa ce tun asali, daga baya ta koma suna. Ta samo asali daga sunan kuros, wanda yake nufin iko ko zartarwa, kuma masana tarihin harsuna suna danganta ta da wata kalmar Sanskirit mai ma'anar jarumi ko ƙaƙƙarfa. Ba a same ta a waƙoƙin Homa ba; idan Homa zai ambaci sarki ko wani abin bauta a matsayin mai iko, kalmar anaks yake amfani da ita. Sai a ƙarni na 5 kafin Miladiyya aka fara ganin kurios sosai a rubuce, a bakin mawaƙa da marubuta wasan kwaikwayo.

A matsayinta na sifa, ba mutum kaɗai take siffantawa ba. Doka takan zama kurios, haka yarjejeniya, haka wasiyya, haka ranar da aka tsayar don shari'a. Ma'anarta a nan ita ce abin da ya inganta, ya zartu, ba mai tayar da shi. Kishiyarta, akuros, tana nufin ɓatacce ko rusasshe, kamar cinikin da alƙali ya soke. A Atina ta ƙarni na 4 kafin Miladiyya ana raba shekara kashi 10, a kowane kashi majalisar jama'a tana zama sau 4, kuma ɗaya daga cikin zaman nan huɗu shi ake kira kuria, domin a cikinsa ake tabbatar da masu riƙe da muƙamai, a duba batun hatsi da tsaron ƙasa.

Malaman harshe za su fi jin daɗin wannan misali: abin da ake kira sunan yanka a nahawun Hausa, masu nahawun Girkanci kurion onoma suka kira shi, wato sunan da ya tabbata a kan mai shi. Aristotal kuwa, a littafinsa na nazarin waƙa, ya yi amfani da wannan lafazi ga kalmar da kowa ya sani yake kuma amfani da ita yau da kullum, saɓanin baƙuwar kalma ko siffantawa. Babu bawa a cikin waɗannan misalai, babu gida, babu sujada.

2.1 Kurios a Gida da Gaban Shari'a

Da kalmar ta koma suna, a fagen shari'ar iyali ta fara zama da gindinta. A dokar Atina kowane gida yana da kurios, kuma kowace mace 'yar ƙasa tana ƙarƙashin wani kurios tun daga haihuwa har mutuwa: mahaifinta, ko mijinta, ko ɗan'uwanta, ko ma ɗan da ta haifa idan ya balaga. Shi yake ba da ita aure, shi yake ƙulla maganar dukiyar da za ta tafi da ita gidan miji, shi yake tsaya mata a gaban alƙalai. Isayos, wani marubucin jawaban kotu na ƙarni na 4 kafin Miladiyya, ya ambaci dokar da ta hana mace ƙulla cinikin da ya wuce kimar mudu guda na sha'ir, wanda suke kira medimnos, kimanin lita 52. Duk da haka matar ba baiwa ba ce, kuma kurios ɗinta ba ya da ikon sayar da ita kamar kaya. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan ma'ana ita ce waliyyi, ko da yake tsarin shari'ar biyu ya bambanta ƙwarai, musamman a kan 'yancin mace ga dukiyarta.

Wannan ma'ana ta yi tsawon rai. Takardun bardi da aka tono a Masar suna cike da mata masu saye da sayarwa tare da kurios. A cikin waɗanda aka samu a Oksirinkus akwai takardar wata mata ta shekarar 263 Miladiyya, inda take neman gwamna ya amince mata ta gudanar da al'amuranta ba tare da kurios ba, bisa dokar Rum da ta ba mai 'ya'ya uku wannan dama. Ta ƙara da cewa ta iya rubutu.

2.2 Kurios da Despotes

Girkanci yana da wata kalma daban ga mai mallakar bayi, ita ce despotes. Asalinta harɗaɗɗen suna ne daga tsofaffin saiwoyi biyu, ɗaya tana nufin gida, ɗaya tana nufin mai iko. A kan gininta, ita ce takwarar uban gida ta Hausa. Girkawan Atina suna jin nauyin kalmar: ɗa ba ya so a ce yana da despotes, kuma da ita suke zagin mulkin sarakunan Farisa, suna cewa talakawansu bayi ne. A ƙarnonin baya kalmomin biyu sun yi ta cuɗanya, har kurios ma ta zama sunan mai bawa, amma bambancin ɗanɗanonsu bai gushe ba. Mai despotes mallakarsa aka yi. Mai kurios kuwa yana ƙarƙashin ikon da aka yarda da halaccinsa.

Abin mamaki shi ne, kusan duk harshen da ya tashi fassara kurios sai ya kamo kalma mai ginin despotes. Dominus daga domus take, wato gida. Lord ta tsohon Ingilishi harɗaɗɗen suna ce mai nufin mai tsaron gurasa, wato mai ciyar da gida. Rabb a Larabci mai abu ne kuma mai renonsa. Ubangiji kuwa za a zo kanta.

3.0 Daga Kotu Zuwa Fada da Ɗakin Bauta

Bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma, wanda ya mutu a 323 kafin Miladiyya, Girkanci ya zama harshen mulki a Masar da Sham. Mutanen waɗannan ƙasashe sun saba kiran sarakunansu da abubuwan bautarsu da laƙabin mai iko, kuma kurios ce ta ɗauki wannan kaya. A rubutun Girkanci na Dutsen Rosetta, na shekarar 196 kafin Miladiyya, an kira Batalmiyus na 5 kurios na rawunan sarauta. An kira Isis kuria, an kira Sarafis kurios. Har akwai ƙananan takardun gayyata daga Oksirinkus masu kiran mutum cin abinci a shimfiɗar kurios Sarafis.

A Rum kuwa al'amarin ya zo da gardama. Suwetoniyus ya ruwaito cewa Augustas ya ƙi yarda a kira shi dominus, haka ma Tibariyas, domin kalmar tana wa Barume ƙamshin bauta. Amma a gabashin daular, inda ake Girkanci, ba a ji wannan kunya ba. Rasiɗan haraji na Masar da aka rubuta a kan sakaina suna kiran Niro, wanda ya yi mulki daga 54 zuwa 68, da laƙabin kurios, kuma wani rubutun dutse na shekarar 67 a Akaraifiya ta ƙasar Girka ya kira shi kurios na duniya duka. Domitiyan (81 zuwa 96), in ji Suwetoniyus, ya so a haɗa masa dominus da kalmar abin bauta.

A daidai wannan lokaci kalmar tana hawa, tana kuma sauka. Eleanor Dickey, a wani nazari na 2001, ta nuna cewa sigar kira kurie ba ta yaɗu a zancen yau da kullum ba sai a ƙarni na 1 Miladiyya, kuma ta yi hujja cewa kwaikwayon domine ne na Latinanci. A wasiƙu, ɗa yakan kira mahaifinsa da ita, aboki ya kira abokinsa. Efiktitos ya lura cewa da yarinya ta kai shekara 14 maza sukan fara ce mata kuria. Ke nan a ƙarni guda, a gari guda, kalma ɗaya tana iya zama gaisuwar ladabi ga baƙo da safe, ta zama laƙabin Kaisar da rana, ta zama kiran abin bauta da dare. Duk nazarin da ya manta da wannan zai karanta nassoshin wannan zamani a karkace.

4.0 Sunan da Ba a Furtawa

Babban sauyi a tarihin kalmar ya faru ne a Iskandariya, inda Yahudawa suka fara fassara Attaura daga Ibrananci zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Ita ce fassarar da aka sani da Seftuwajin, wato ta mutum saba'in. A nassin Ibrananci akwai sunan Allah na musamman mai baƙaƙe huɗu, YHWH, wanda ya zo sama da sau 6,800. Al'ada ta kafu a tsakanin Yahudawa cewa ba a furta shi. Mai karatu idan ya iso kansa sai ya ce adonai, daga adon, mai iko. A manyan kundayen Seftuwajin da Kirista suka kwafa a ƙarni na 4 da na 5, irin su na Batikan da na Sinai da na Iskandariya, kurios ce take tsaye a gurbin wannan suna sama da sau 6,000. Sau da yawa ma takan zo ba tare da mafayyaci ba, tamkar sunan yanka. Ga shi kuwa kalmar da masu nahawu suka siffanta sunan yanka da ita, ita da kanta ta koma sunan yanka.

Tambayar da ta raba kan masana ita ce ko masu fassara na farko ne suka rubuta kurios, ko kuwa daga baya aka shigar da ita. A 1929 aka buga littafin Baudissin mai juzu'i 4, wanda ya tsaya a kan cewa kurios ce ta asali. Sai ƙasa ta fara fitar da shaidu masu saɓa masa. Guntun Kubawar Shari'a da aka sani da Fu'ad 266, na ƙarni na 1 kafin Miladiyya, Girkanci ne, amma duk inda sunan ya zo an rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci. Naɗaɗɗen littafin Ƙananan Annabawa da aka samu a kogon Nahal Heber ya rubuta shi da tsohon rubutun Ibrananci. Wani guntun Littafin Firistoci daga kogo na 4 na Kumran kuwa ya rubuta IAO da harufan Girkanci, wato ƙoƙarin kamo lafazin sunan. Tun a 384 ma Jerom ya ba da labari a wata wasiƙa cewa waɗansu marasa sani, da suka ga baƙaƙen nan huɗu a tsakiyar rubutun Girkanci, sai suka karanta su daga hagu zuwa dama kamar harufan Girkanci, suka ce PIPI.

Bisa ga waɗannan shaidu George Howard ya yi hasashe a 1977 cewa marubutan Sabon Alkawari ma da baƙaƙen Ibrananci suka rubuta sunan, masu kwafi ne suka maye gurbinsa. Albert Pietersma ya mayar da martani a 1984, yana cewa guntayen nan gyare-gyare ne na masu son kusantar da fassarar ga Ibrananci, kuma yadda masu fassarar Attaura suka sarrafa nahawun jimlolin ya nuna kurios suke da ita a hannu. Martin Rösel ya ƙara wata hujja a 2007: a Littafin Firistoci 24:16, inda Ibrananci ya yanke hukuncin kisa ga mai saɓon sunan, fassarar Girkanci ta mai da laifin ya zama ambaton sunan kawai. Mai fassarar da ya ɗauki furta sunan a matsayin laifin kisa da wuya ya rubuta lafazinsa.

Idan aka auna, kowane ɓangare ya wuce inda shaidarsa ta tsaya. Howard ba shi da ko guntu ɗaya na Sabon Alkawari mai ɗauke da baƙaƙen huɗu. Pietersma kuma yana neman a ɗauki dukkan tsofaffin guntaye a matsayin bauɗaɗɗu, a ɗauki na baya a matsayin na asali, abin da yake bukatar hujja mai ƙarfi. Sai dai gardamar ta fi karkata ga abin da ido yake gani a takarda, ta yi sakaci da abin da kunne yake ji. Bayahuden Iskandariya da bai iya Ibrananci ba, ko me aka rubuta masa, dole ya faɗi wani abu idan ya iso wurin yana karatu a bainar jama'a. Filo, wanda ya rayu a wannan birni a farkon ƙarni na 1 Miladiyya, ya gina bayani mai tsawo a kan bambancin kurios da teyos, yana cewa ta farko tana nuna ikon sarautar Allah, ta biyu ikon halittarsa. Da bai ji kurios a majami'arsu ba, da bai sami abin da zai gina wannan a kai ba.

Masu kwafi na Kirista sun ƙara wata alama. Sukan taƙaita kalmar zuwa harafin farko da na ƙarshe, su ja layi a samansu, idan suna nufin Allah ko Almasihu. Wannan ita ce dabara ta farko ta raba ma'anar ibada da ta mutane a rubuce, kakar babban baƙin da ake sa wa Ubangiji a rubutun boko.

5.0 A Sabon Alkawari

Kalmar ta zo sama da sau 700 a Sabon Alkawari, kuma duk ma'anonin da aka zayyana a sama suna nan a raye. A Galatiyawa 4:1 magaji ƙarami kurios ne na dukiya ko da bai isa ya taɓa ta ba, ma'anar shari'a ke nan. A Ayyukan Manzanni 25:26 gwamna Festas ya kira Kaisar da ita. A Matiyu 27:63 manyan firistoci sun kira Bilatus da ita, a 21:30 ɗa ya amsa wa mahaifinsa da ita. A Yahaya 12:21 waɗansu Girkawa sun gai da Filibus da ita. A Yahaya 20:15 Maryamu Magadaliya ta faɗe ta ga wanda ta zaci mai lambu ne, sannan a aya ta 28 ta wannan sura Toma ya haɗa ta da teyos.

Masu Linjila ma ba su yi amfani da ita iri ɗaya ba. A labarin hadarin teku, Markus 4:38 ya sa almajirai sun kira Yesu da kalmar malami, Luka 8:24 ya sa kalmar shugaba, Matiyu 8:25 ya sa kurie. A Linjilar Matiyu almajirai kurie suke cewa, in ban da Yahuza, wanda yake cewa rabbi. Wannan zaɓi ne na marubuci, kuma fassarar da ta shafe shi ta shafe wani ɓangare na salon littafin.

A wasiƙun Bulus kalmar ta kai ƙololuwa. A Romawa 10:13 ya ɗauko ayar Annabi Yowel wadda kurios ɗinta take tsaye a gurbin YHWH, ya ɗora ta a kan Yesu. A Filibiyawa 2:10-11 an yi haka da ayar Ishaya 45:23. Wilhelm Bousset, a littafinsa Kyrios Christos na 1913, ya ce wannan bai fito daga almajiran Falasɗinu ba, aro ne da Kiristan Antakiya da makamantansu suka yi daga masu bautar Sarafis da Isis. Hujjarsa tana da ƙarfi ta fuskar muhalli, domin Bulus da kansa a 1 Korantiyawa 8:5 ya yarda cewa duniyarsu cike take da waɗanda ake kira kurioi. Rauninta yana ƙarshen wannan wasiƙa, a 16:22, inda Bulus ya bar kalmar maranata ta Aramiyanci ba fassara. A cikinta akwai mar, mai iko, kuma addu'a ce da ta riga ta zama sananniya ga masu jin Girkanci a harshen da ba nasu ba, alamar cewa ta girmi majami'unsu. Daga baya Joseph Fitzmyer ya nuna daga rubuce-rubucen Kumran cewa Yahudawan Falasɗinu suna kiran Allah da wannan kalma ta Aramiyanci kai tsaye. Bousset ya gane inda kalmar ta yi kasuwa, amma ya kuskure inda ta fito.

Ta fuskar siyasa kuwa, labarin shahadar Folikaf na Samirna, a tsakiyar ƙarni na 2, ya nuna jami'ai suna lallashinsa ya kira Kaisar kurios ya tsira, ya ƙi. Yana da kyau a lura cewa da Yusufus yake ba da labarin 'yan tawayen Yahudawa da aka azabtar a Iskandariya don su amince da Kaisar, despotes ya rubuta. Su bauta suka ƙi. Shi kuwa Folikaf yana ganin laƙabin yana da mai shi.

Bayan wannan kalmar ta bazu. Addu'ar Kurie eleyison ta zauna cikin ibadar Latinanci da Girkancinta. Daga sifar kuriake aka sami sunan ranar Lahadi a Girkanci har yau, daga kuriakon, ɗakin kurios, aka sami kalmar Jamusanci da ta Ingilishi ta wurin ibadar Kirista, kuma daga ta Ingilishin ce Hausa ta ari kalmar coci. A Girkancin yau kirios shi ne laƙabin da ake sa wa kowane namiji a bayan ambulan, kamar yadda malam ta sauko daga mu'allim ta zama ta kowa.

6.0 Kalmar Ubangiji

Ubangiji harɗaɗɗen suna ne: uba, da mahaɗi -n, da giji. Ita giji siga ce ta gida wadda ganɗantawa ta mai da /d/ ɗinta /j/, kamar yadda ake gani a jam'in gidaje. Tamatarta uwargijiya, jam'inta iyayengiji. Ƙamusoshin Bargery (1934) da Abraham (1949) sun kawo ta da ma'ana biyu, mai mallaka da kuma Allah. A da, bawa yana da ubangiji, doki ma yana da shi. Da bauta ta gushe a Arewacin Nijeriya, inda dokar 1936 ta kawo ƙarshenta a hukumance, ma'anar mallakar mutum ta ja da baya, ubangida da maigida suka riƙe hulɗar mutane, ma'anar Ubangiji kuwa ta tsuke zuwa sama. Hanyar da ta bi kishiyar ta kurios ce: ɗaya ta sauko ta zama ta kowa, ɗaya ta hau ta zama ta Ɗaya.

Malaman tafsiri sun riga kowa fuskantar wannan matsala, domin rabb ma baki biyu gare ta. A Suratu Yusuf an yi amfani da ita ga sarkin Masar dangane da baransa, kuma mai fassara da Hausa ba ya cewa Ubangiji a nan, ubangida yake cewa. Akwai kuma hadisi a Bukhari da Muslim da ya hana bawa kiran mai shi da rabb, ya umurce shi da sayyid. Fassarar Baibul ta Larabci ta Smith da Van Dyck, wadda aka kammala a 1865, ta amfana da wannan rabo: takan sa sayyid a wuraren gaisuwa, ta sa rabb a wuraren ibada.

An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Walter Miller ya taka rawa a cikinsa, aka kuma fitar da sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970. Kalmar Ubangiji ce Kiristan da ke ibada da Hausa suka gada a gurbin kurios ta ibada, kuma zaɓin ya dace, domin babu wata kalmar Hausa da za ta ɗauki nauyin Romawa 10:13. Wanda ya sassauta ta a nan zuwa shugaba, don kada ta yi wa kunnen Musulmi nauyi, ya ci amanar nassi: Bulus ya san abin da yake faɗa. Gaskata shi ko ƙin gaskata shi al'amarin aƙida ne, ba aikin mai fassara ba. Amma cin amanar yana da fuska ta biyu, wadda ba a cika kula da ita ba. Duk wanda ya sa Ubangiji a bakin kuturu ko makaho ko matar Samariya a farkon haɗuwarsu da Yesu ya yanke hukunci a madadin marubuci, ya sa su furta aƙidar da mai yiwuwa ba su kai gare ta ba tukuna. Maryamu ba ta yi wa mai lambu tauhidi ba. Abin da ta ce ya fi kusa da malam ko maigida. Idan Toma ya zo a aya ta 28, nauyin maganarsa ya dogara ne a kan cewa an ji kalmar da sauƙinta ayoyi 13 kafin nan.

Sura ta 16 ta Ayyukan Manzanni ita ce zakaran gwajin dafi. A aya ta 16 da ta 19 masu mallakar wata baiwa mai duba kurioi ne. A aya ta 30 yarin kurkukun Filibi, cikin firgita, ya kira Bulus da Sila kurioi. A aya ta 31 suka amsa masa da kalmar a tilo, suna nufin Yesu. Hausar yau za ta bukaci iyayengiji a wuri na farko, ranku ya daɗe ko malamai a na biyu, Ubangiji a na uku. Na farko da na uku suna da zumunci da kunne zai ji, amma juyin da ke tsakanin tambayar yari da amsarta ya salwanta, kuma babu abin da zai dawo da shi sai ɗan bayani a ƙasan shafi.

Akwai kuma inda tsohuwar Hausa ta fi Ingilishi da Larabci sa'a. A Luka 19:33-34 almajirai suna kwance ɗan jaki, sai kurioi ɗinsa suka tambaye su dalili, suka amsa cewa kurios yana bukatarsa. Wakilin sunan da ke cikin amsar yana iya jingina da bukata, yana kuma iya jingina da kurios, ta yadda za a ji cewa mai jakin ne yake bukatarsa. Ingilishi dole ya raba kalmar biyu. Bahaushe kuwa yana iya cewa iyayengijin jakin ne suka yi tambaya, aka ce musu ubangijinsa ne yake nema, kuma idan aka karanta a fili, inda babban baƙi ba ya fitowa, mai sauraro zai tsaya a kan shakkar da Luka ya tsayar da nasa masu sauraro.